Bana Za Mu Koma

Mai kula da wannan mujalla ya daɗe yana bina bashin rubutu, wai in ba ku labarin zaman Ingila. Duk sanda na ɗauki biro sai in rasa ta inda zan kama, don labarin sanyi da tsadar haya kun sha jin sa a bakin waɗanda suka riga ni. To yau dai zan biya bashi, amma labarin wani kabad zan ba ku, tsohon kabad na katako da na gani a Birmingham, wanda ya hana ni barci kusan mako uku. Sai dai ku yi haƙuri in fara bi ta kan kakana, don in ban faɗi nasa ba, nawa ba zai fito ba.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Malam, mutumin Bakori ne. Yana saurayi ya hau jirgin ƙasa a Funtuwa, ya canja a Zariya, ya biyo ta Kaduna ya sauka Minna, da niyyar ya yi rani ɗaya yana dako a tasha, ya tara kuɗin aure ya koma gida. A wancan zamani Minna ba ta zama abin da muke gani yau ba. Gari ne na Gwarawa da reluwe ta raya, don tun 1912 a nan layin da ya taso daga Baro ya haɗu da na Ikko su wuce Kano. Duk wanda ya zo daga arewa cin rani ya zo, ba zama ba. Malam ya tara kuɗin, ya je Bakori ya auro Iya, amma maimakon ya zauna sai ya taho da ita Kwangila, wai su ƙara shekara ɗaya tak. Shekara ɗayan nan ita ce ta haura hamsin.

Dattawan unguwa da suka san shi za su tuna maganarsa. Da an yi girbi, an fara jin sanyin hunturu, zai ce, "Bana za mu koma." Kuma ba da wasa yake faɗa ba. Saboda wannan magana, Malam bai yarda a sayi wani abu a gidansa da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka a ka ya kai tasha ba. Tabarma, buzu, buta, gafakarsa, da adaka guda ta ƙarfe, su ke nan dukiyarsa ta ɗaki. Ko mangwaro bai yarda ya dasa ba. In an yi masa magana ya ce baƙo raɓa ne, ina ruwan raɓa da dashe.

Ita kuwa Iya ƙosai da koko take sayarwa a bakin tasha, tana zubin adashi. Ana saura kaɗan a sami mulkin kai, kwasarta ta zo. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta tafi kanti ta sayo gadon ƙarfe mai rumfa, irin mai sanduna huɗu da ƙwallayen tagulla a kai, 'yan dako huɗu suka biyo ta da shi gunduwa-gunduwa. Malam ya dawo daga la'asar ya tarar an ɗaure gado ya cinye rabin ɗaki. Goggo ta ce ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ce, "Wannan kuma a wane tarago za a sa shi?" Iya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, bayana ya gaji da jiran Bakori." Kwana uku bai ci tuwonta ba.

A kan gadon nan aka haifi ƙannen Baba su biyar. Da aka yi jihar Neja a 1976 Minna ta zama hedikwata, gari ya cika, haya ta yi tsada. Bayan an gina madatsar ruwa a 1978 Baba ya sami fili a nan Tagwai, ya kwaso iyayensa, gado ya biyo su a bayan akori-kura. A kansa Malam ya cika, kuma a ƙasar Minna yake kwance. Mu jikoki mun tarar da shi da sauran ƙarfinsa, mukan tsokane shi, "Malam, bana fa?" Ya ce, "In Allah ya yarda." Mu fashe da dariya. Ni ce kan gaba a dariyar, har Iya takan ce, "Ke kishiya, bar mini miji ya huta."

To ga nawa.

A 2017 maigidana ya sami gurbin karatun digiri na uku a Birmingham, muka tafi da yara biyu. Kayan ɗakina, waɗanda Baba, Allah ya ji ƙansa, ya ci bashi ya yi mini, gado da wadirob da madubi da kujeru da kabad ɗin jere, duka aka kwaso aka zuba a ɗaki guda a gidanmu, aka lulluɓe da tsofaffin zannuwa, aka sa kwaɗo. Na ce wa Inna, "Shekara huɗu ce kacal, kada a bari kowa ya taɓa." Ta ce to.

Gidan da muka fara kamawa a Small Heath, kusa da titin Coventry inda shagunan Musulmi suke, da kayan mai gida a ciki muka same shi, don haka ban sayi komai ba sai tukwane da bokitai. Jirgin da ya kai mu jaka biyu ya yarda wa kowa, kowace kilo 23. Wannan kilo 23 ya zama mudun da nake auna komai da shi. In na ga abu ya ba ni sha'awa a kanti, sai in ɗaga shi in ji nauyinsa, in ya fi ƙarfin jaka in ajiye. Maigida ya gama a 2021, shekarar da gwamnatinsu ta buɗe wata takardar zama ga waɗanda suka kammala karatu, masu digiri na uku a ba su shekara uku. Ya ce mu ɗan ƙara, a tara abin da za a ɗora bulo a filinmu. Na ce to. Aiki ya samu, aka haifi na uku, muka koma wani gida mai ɗan faɗi, amma shi fayau yake, ko ƙusa babu a bango. Muka sayi katifu, muka sayi wata wadirob mai araha irin wadda ake kawowa a kwali ka ɗaura da kanka. Dusar katako ce aka matse da gam aka yi mata riga mai sheƙi. Ba ta shekara ba bayanta ya ɓalle, ƙofa ɗaya ta saki. Kayan yara suka koma cikin jakunkunan Gana-mas-go a gindin bango, kamar waɗanda ke jiran mota a tashar Kaduna.

Maƙwabciyata 'yar Sudan ita ta gaji da ganin haka. Wata Asabar ta ce in sa mayafi in biyo ta. Da na ga inda ta nufa sai da na ja baya. Shagon tsofaffin kayan ɗaki ne. Ku da kanku kun san yadda muke. Gwanjon riga da takalmi ba wanda bai sa ba, amma kayan ɗakin wata? A wurinmu sai dare ya yi dillaliya ke shiga gida ta fita da tasa ko katifar matar da talauci ya kama, a rufa wa juna asiri, wadda ta saya ma ba ta son a sani. Amarya kuwa a ce da gadon wata aka kai ta, ai gorin har jikoki. Ga kuma abin da ya fi damuna: na tambayi maƙwabciyar masu kayan nan ina suke? Ta ce yawancinsu sun mutu, 'ya'ya ne ke share gida su sayar. Na ce a'uzubillahi, kayan matattu za ki sa in kai ɗakina? Ta yi dariya ta ce, "Gidan da kike ciki ya fi shekara ɗari. Kina tsammani mutum nawa suka mutu a cikinsa?" Ban sami amsa ba, na bi ta muka shiga.

Ashe duniya ce guda, kuma hawa-hawa ce. Akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin na British Heart Foundation, inda mutane ke kai kayan da ba sa so kyauta, a sayar a sa kuɗin a binciken ciwon zuciya. A nan ba a ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya. Kuma ba sa karɓar kujerar kushin sai tana ɗauke da wata 'yar takardar shaida cewa ba ta saurin kama wuta, don doka ce tun 1988. Akwai kasuwar bayan mota, ranar Lahadi da sassafe a wani fili a bayan gari, kowa ya zo da motarsa ya buɗe but ya baza tarkacen gidansa a ƙasa. A nan na gano Bature ma yana ciniki, sai dai cikin jin kunya yake yi, ya rage fam ɗaya fuskarsa ta yi ja. Ranar farko da na taya wani madubi rabin kuɗinsa, yadda za a yi a Kasuwar Gwari, matar ta dube ni kamar na zage ta. Ba su san "albarka" ba, balle a ce ka yi kamar za ka tafi a kira ka. Sai kuma manyan, masu sayar da abin da suke kira kayan tarihi, waɗanda a ƙa'idarsu sai abu ya kai shekara ɗari yake shiga sahu, da gidajen gwanjo inda ake tayawa a buga guduma.

Ban sayi komai ba ranar, amma na kamu. Na riƙa zuwa ni kaɗai in na kai yara makaranta. Akwai wani tsoho mai shago, tsohon kafinta ne, da ya ga ina yawan zuwa ina shafa kaya ba na saye, sai ya fara koya mini. Ya ce kada in dubi fuskar kaya, fuska kowa na iya gyara ta. In zaro durowa in dubi kusurwarta: in na ga katako ya shiga cikin katako kamar an sarƙe yatsun hannu biyu, ba ƙusa, aikin kirki ne, in kuma haƙoran ba su yi daidai da juna ba, wani ya ɗan fi wani, to hannu ne ya yanka, ba inji ba. In leƙa baya da ƙarƙashi, inda ba a shafa wa mai, a nan katako ke faɗin gaskiyar shekarunsa. In na ga ƙananan huji kamar na allura, in ƙwanƙwasa. In gari ya zubo fari sabo, ƙwaron na ciki da ransa, in bar musu kayansu kada in kai wa gidana annoba. In ɗaga gefe ɗaya in ji nauyi. In sa hanci a cikin durowa, danshi ba ya ɓuya. Na ce masa mu ma haka muke sayen turmi, sai an juya gindinsa an duba tsaga, an buga an ji amonsa. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya sa na maimaita masa sunan turmi sau uku.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashi. Manyan kabad da tebura masu duhu, na zamanin Sarauniya Victoria wadda ta rasu tun 1901, sun fi sabuwar dusar nan ta kwali araha. Tsohon ya ce shekaru talatin da suka wuce da tsada ake sayen su, yanzu kuwa yaran zamani ɗakunansu ƙanana ne, haya suke yi, bana suna nan baɗi suna can, ba mai son abin da sai ƙarti huɗu sun ɗaga. Na ce a raina, ashe su ma sun zama 'yan cin rani a garinsu. Wata rana ya nuna mini wani tebur ja mai ratsi-ratsi ya ce sunan katakon sapele. Na ce ai wannan sunan gari ne a ƙasarmu, yana jihar Delta. Ya ce bai taɓa sani ba, shekara arba'in yana fiƙe shi. Daga tashar jirgin ruwan garin aka riƙa lodin gungumen zuwa Turai har itacen ya ɗauki sunan wurin. A shekarun baya-bayan nan kuma madobiya aka riƙa yi wa irin wannan lodi zuwa ƙasar Sin, mu kuma muna cin bashi muna sayen dusa. Wannan dai wata magana ce daban.

Da bazarar bara maƙwabciyar tawa da mijinta suka ɗauke mu zuwa Malvern, wani gari kudu da Birmingham inda ake cin babbar kasuwar tsofaffin kaya a filin baje kolin manoma. Rumfuna ɗaruruwa, tun safe har ƙafa ta gaji. A nan na ci karo da abu biyu.

Na farko kujerar Nufawa ce, 'yar zagayayya mai ƙafafu goma, an sassaƙe ta daga gungume ɗaya ba haɗi, samanta da zanen nan nasu. An ɗora ta a kan farin ƙyalle kamar amarya, an rataya mata fam 180. Irinta sak Iya ke zama a kai tana suyar ƙosai, ta saya wurin wata Banufiya mai kawo tasoshin tagulla daga Bida, har gefe ɗaya ya yi baƙi da hayaƙi. Mai kayan ya fara yi mini bayani wai daga wata ƙabila take a tsakiyar Najeriya. Na ce masa na san hanyar, in ba don ramuka ba awa biyu ba ta cika daga gidanmu. Ya ce tsohuwa ce ƙwarai. Ban yi gardama ba, amma na san tun 1979 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi, na kuma san 'yan uwanmu 'yan koli masu wannan fatauci sun iya tsufar da sabon sassaƙa da hayaƙi da mai cikin 'yan makonni. Ko dai ta fito ta ɓarauniyar hanya, ko kuma ƙanwata ce a haihuwa. Na bar masa abarsa.

Na biyun shi ya tsayar da ni cak. Gadon ƙarfe ne baƙi, an jingine kansa da ƙafarsa a jikin mota, da ƙwallayen tagulla a kan sanduna. Ban san sanda na kai hannu na murɗa ɗaya ba, ya kuwa juya ya kwance, kamar yadda na Iya ke yi. A cikin irinsa muke ɓoye kuɗin kashewa kada yayye su ƙwace. Matar da ke sayarwa ta ce a nan Birmingham aka ƙera shi, don a ƙarni na 19 garin shi ne cibiyar ƙera gadajen ƙarfe da tagulla, daga nan ake lodinsu zuwa ko'ina a duniya. Har sunan Vono da muka taso muna gani a jikin gadajen iyayenmu, asalin kamfanin a Tipton yake, 'yar tafiya kaɗan daga inda nake zaune. Wato shekara bakwai ina kwana a garin da aka san shi da irin gadon Iya, ni kuwa katifata a ƙasa. Yarinyata babba ta ce, "Umma, me ya sa kike kuka a kan gadon mutane?" Na ce iska ce.

Kabad ɗin kuwa a shagon tsohon nan yake, a can ƙurya. Mahogani ne, dangin maɗacinmu, hawa biyu: sama ƙofofin gilashi, ƙasa durowa uku manya da za su cinye kayan yara duka. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Da ganinsa ka ga kabad ɗin jeren iyayenmu, wanda ake shirya kwalla da samira da tangaran a ciki, sai dai wannan ya girme su duka. Na zaro durowa, haƙora ba su yi daidai ba. Na ƙwanƙwasa, ba gari. Na gwada ɗaga gefe, ko motsi bai yi ba. Fam 90, kuɗin kawowa fam 60. Sau uku ina zuwa ina duba shi ina komawa. Na huɗu na ja maigida. Ya zagaya shi ya ce, "Ai wannan ko jikokinmu sa gaji da shi. A biya." Sai na ji bakina ya ce, "In mun tashi komawa fa, ya za mu yi da shi?" Bai ce komai ba a shagon. Sai a mota ya ce, a hankali, "Shekara bakwai ke nan kayan yaran nan suna cikin jaka." Na ce to laifin wa? Wa ya ce shekara huɗu? Maganar ta yi tsawo, ba sai na kawo ta nan ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Cikin wannan hali Inna ta kira. Bayan an gama gaisuwa da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba. An sa ranar autarmu bayan babbar Sallah. Ta je wurin kafintoci ta ji kuɗin gado da wadirob, ta dawo ba ta iya cin abinci ba. Sannan ta ce ta buɗe ɗakin nan don ta share, ta tarar damina bakwai ta yi aikinta: gindin wadirob ya sha danshi ya kumbura kamar burodi, gara ta shiga bayan madubi, ɓera ya haihu a kujera ɗaya. "Gadon dai da kabad da sauran kujerun suna nan da kyansu. Na ce ko za ki bar wa ƙanwarki, kafinta ya sake musu yadi. In kin dawo Allah ya hore wasu." Na ce, "Inna, ai muna nan tafe." Ta yi shiru, ta ce, "To Allah ya kawo ku lafiya. Ki dai yi tunani."

Wallahi ba kayan ne suka dame ni ba. Kayan da na san dusa ce, ni da na iya zaro durowa yanzu? Abin da ke raina shi ne, muddin ɗakin nan na kulle da kayana a ciki, ina da wuri a Tagwai, tafiya kawai na yi. Ranar da aka fitar da su aka share ɗakin, na zama mai zuwa ganin gida.

Goggo na kira, don ita ce ba ta ɓoye mini magana. Ita ce babbar 'yar Iya, tana da wayo sanda aka kawo gadon. Na zayyana mata komai, har da kabad. Na zaci za ta yi dariya ta ce jinin Malam ya motsa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ku yara kun mai da tsohon nan abin dariya, ba ku san komai ba. Kin san uwarsa na da rai a Bakori sanda aka sayi gadon nan? Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Duk wanda zai tafi gida sai ya ba shi saƙo, a gaya wa tsohuwa bana yana tafe. Ita kuma duk mai zuwa daga Minna sai ta titsiye shi, me da me ke ɗakin ɗana? In aka ce tabarma ce da adaka, sai hankalinta ya kwanta. Ba nauyin gado ya hana shi cin tuwo ba, ya san labari zai kai." Na ce to ya kai? Ta ce, "Kafin wata ya mutu ma. Tsohuwa ta aiko da zanen gado saƙi, fari ƙal, ta ce a ba Iya. Ba ta ƙara tambayar yaushe zai dawo ba har ta rasu. Shi ne dai bakinsa ya riga ya saba." Ta ƙara da cewa ai duk jajibirin Sallah Malam da kansa yake fitar da gadon tsakar gida, ya kankare tsatsa, ya shafa masa baƙin fenti, ya goge ƙwallayen da toka da lemon tsami. Wannan ban taɓa ji ba, ko kuma na gani ina yarinya ban kula ba.

Daga nan ta ce, "Ke kuwa uwarki ba don kuɗin kafinta kaɗai ta yi miki maganar nan ba. Yayyenku maza sun ce za su haɗa. Ta gaji da ganin kina yi mata alkawarin da ke hana ki zama." Na ce Goggo, ita ta gaya miki? Ta ce, "Sai an gaya mini?"

Ban ce na daina son dawowa ba, kada wani ya karanta wannan ya je ya ce wa Inna 'yarta ta zama Baturiya. Filinmu na nan, an kai linta. Ba daren da ba na jin ƙamshin ƙasar nan in an yi ruwan farko, da doyar Gwari sabuwar haƙa. Amma washegari na kira Inna na ce a ba auta kayan duka, tasoshin Iya guda uku kawai za a ware mini. Ta ce Allah ya yi albarka, ta sake cewa Allah ya yi albarka, sai ta ce wai ana sallama a waje, ta kashe waya.

Ranar Asabar ƙarti huɗu suka kawo kabad. Sai da aka raba shi biyu, aka cire ƙofar falo, duk da haka ya ɗan ci bango, mai gida zai cire a kuɗin ajiyarmu. Muka zazzage jakunkunan nan muka ninke su. A durowar ƙasa, ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa, yaran suka tsinci wata tsohuwar allurar saƙa da maɓalli biyu. Na yi wa mai su fatan alheri, ko wace ce. Da yamma na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar, ta ce, "Katako ne na gaske?" Na ƙwanƙwasa mata ta ji. Ta ce nawa? Na faɗa, ƙanena ya juya mata a naira, ta yi salati. Sannan ta ce, "To saman fa, haka za ki bar shi wayam kamar ɗakin gwauro? Sai an sami mai zuwa a kawo miki tasoshin. Allah ya sa rai aka yi wa."

Kafin a kashe na ce wa ƙanena, wai ina gadon Iya ya shiga ne? Tun rasuwarta ban ƙara tambaya ba. Ya ce in jira. Ya zagaya da wayar bayan gida, ya haska mini garken awakin Inna. Ga kan gadon nan an ɗaure shi da waya a jikin turke, shi ne ƙofar garke. Ragar sifirin tana kan rufin kicin ana shanya kuɓewa. Sandunan rumfa da ƙafar gadon tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Ƙwallo ɗaya ya rage, wanda Iya ta cire ta ajiye a cikin tasa, shi ma ya yi kore. Na ce ya kwance shi yau ɗin nan. Ya ce, "Yaya, to awakin fa, da me za a tare su?" Na tura masa kuɗi mai walda ya yi musu ƙofa.

Yanzu kan gadon da ragarsa suna jingine a ɗakin da kayana suka tashi. Ya tambaye ni, a nemi masu kwantena a turo mini, ko a ajiye? Na ce a ajiye. Ya ce har yaushe? Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji kalmar da ke shirin fitowa, na haɗiye ta. Na ce ya dai sa bulo a ƙarƙashi kada danshi ya taɓa ƙarfen.

Mai waldan ya ce zai iya ƙera ƙafa da sanduna in ya ga samfuri, amma ƙwallayen ba a yin irinsu yanzu. Don Allah in akwai wanda tsohon gado mai rumfa ke yashe a bayan gidansa, a Tagwai ko Chanchaga ko cikin gari, kafin masu sikeli su zo, a leƙa gidanmu a yi wa ƙanena magana. Guda uku nake nema, masu murɗi, kuma zan saya.